Layin Baraka

Shafi na 19

Masu cika ni da saƙo a kan ranar zaɓe, to ga ta mun iso. A karanta a nutse.

Asabar ce, tsakiyar watan Sha'aban, shekarar 1993. An kwana da sanyi mai shiga ƙashi, amma kafin hantsi rana ta buɗe fes, sama ba ko ɗigon gajimare.

Tun da sassafe matan Rogo Ruma suka cika filin makarantar firamare.

Zaɓen ƙato bayan ƙato ne. Ba akwati, ba dangwale. Kowa zai tsaya a bayan hoton wanda yake so, ido na ganin ido, a ƙirga kawuna. Kuma tsarin wannan shekarar ya ce duk mai son jam'iyya ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa, sai ya fara cin mazaɓarsa. In ya faɗi a gida, shi ke nan. Ba matakin ƙaramar hukuma a Karaye, ba na jiha a Kano, balle gaba.

Mutum biyu ne suka fito daga mazaɓar. Alhaji Muntaka dillalin taki, da Hajiya Baraka, malamar asibiti, wadda rabin yaran garin a hannunta suka faɗo duniya.

Halliru ƙaninta ne ke riƙe da hotonta, an manna shi a kwali an kafe a jikin gora. Shi da ya gudo daga makaranta tun yana aji biyu, ya yi yaron mota, ya yi gyaran rediyo, bai taɓa zama a kan abu ɗaya ba sai wannan tafiya ta yayarsa.

Ya waiga bayansa. Mata ne zalla, wasu da goyo, wasu da ciki, kowacce ta ja mayafi ta manne da ta gabanta saboda sanyi da kunya. A can ƙarshe sai Hammawa, wani dattijon Bafulatani, da mutanen rugarsa shida, sun rataya sanduna a kafaɗa.

Daga layin Alhaji Muntaka wata murya ta taso. Ɗanmaliki ne, ɗan korensa.

"Halliru! Riƙe da kyau, kar shugabar ƙasa ta faɗi ɗankwalinta ya cire!"

Aka kwashe da dariya.

"Ni tambayata ɗaya ce, jama'a. In ta hau, ranar da za ta tafi biki ko suna, wa za a bar wa ƙasar? Maƙwabciya?"

Tani mai ƙuli, wadda ita ta bi gida gida ta tattaro matan, ta leƙo daga sahun gaba.

"Ɗanmaliki."

"Na'am, uwar 'yan layi."

"Ranar da Lami matarka ta kwana biyu a kan gwiwa, ƙofar wa ka je ka buga kana kuka da majina? Ta Alhaji?"

Wannan karon mata ne suka yi dariya, a cikin mayafi. Ɗanmaliki ya juya kan Fulanin.

"Kai kuma Hammawa, da furfurarka, ka rasa inda za ka tsaya sai bayan mata?"

Hammawa ko kallonsa bai yi ba.

"Ni da nake yini a bayan saniya? Ita dai ta ce za ta dawo mana da burtali. Naka Alhajin shi ya nome shi."

Tani ta taɓo Halliru.

"Ina Inna? Ba za ta fito ba?"

"Haba Iya Tani, kamar ba ki san Inna da kunyar 'yar fari ba. Tunda ta haifi Yaya ba ta taɓa kama sunanta ba, sai dai ta ce yarinyar nan. Ita ce za ta zo ta tsaya a bayan hotonta a gaban jama'a?"

"Allah Sarki, Saude. To Malam fa?"

Abin da ke cin Halliru ke nan.

Makarantar ƙofa ɗaya gare ta a jikin katanga, faɗinta bai wuce na mutum biyu ba. A wajen ƙofar maza kusan sittin ne tsaye, duk waɗanda suka yi alkawari. Sun ji bayanin Baraka ba sau ɗaya ba. Taki ya tafi hannun manomi ba ta hannun dillali ba. A gina ɗakin haihuwa a kowace mazaɓa. Karatun 'ya mace ya zama kyauta. Sun gyaɗa kai, sun ce wannan ita ce siyasar talaka da aka san gidan Malam Ƙasimu da ita.

Amma ga su a waje, sun harɗe hannu a baya.

Halliru ya miƙa wa Hammawa gorar, ya fita da sauri.

"Jama'a, lafiya? Rana tana yi fa. Sha biyu za a rufe."

Sulle tela ya sosa ƙeya.

"Halliru, maganar Hajiya ba ta da gyara. Wallahi ba ta da gyara. Da namiji ne ya faɗe ta, da tun asuba muna ciki."

"To yanzu me ya canza? Jiya ma ai mace ce."

"Jiya ba mu ga layin ba. Duba mana. Matata tana ciki. Surukata tana ciki. In je in tsaya a bayan surukata ina kallon ƙeyarta? Ko a filin idi ba a haka."

Wani daga baya ya ce, "Mu dai Malam muke jira. Ba wanda zai riga uban yarinya shiga."

Malam Ƙasimu yana zaune a kan wani kututture, carbi a hannu. Ya haura saba'in. Duk garin ba wanda bai san tabon bulalar da ke bayansa ba, na zamanin siyasar farko ta 'yan sawaba, lokacin da cewa talaka mutum ne kan kai mutum kurkuku. Shi ya goya Baraka a keke ya kai ta makaranta gari na zunɗensa. Shekarar da aka fara barin matan Arewa su yi zaɓe, shi ya bi zaure zaure yana roƙon magidanta su bar iyalinsu su fita.

Ya yafito ɗansa da hannu. Halliru ya durƙusa.

"Baba."

"Ɗaga ido. Layin Muntaka ina ya kai?"

"Gindin tuta."

"Naku fa?"

"Bai wuce rijiya ba."

"To ka gani. Mata kaɗai ba za su ɗaga ta ba. Ko sun ɗaga ta, a Karaye dariya za a yi, a ce zaɓen mata ne." Ya ja carbi. "Je ka fito da su. Su koma gindin darbejiyar can. Ni zan shiga gaba, waɗannan su bi ni, sannan mata su biyo baya. Kowa ya tsira da mutuncinsa."

Halliru ji ya yi kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. Baba a gaban layi! Da gudu ya koma.

Tani ce ta fara ƙi.

"A'a, yaro. Mu fa mun isa."

"Iya, dubi tsawon nasu."

"Tsawo kake kallo? Su kowa ya baza babbar riga ya ba da fili kamar mai shanya. Mu a matse muke."

Baraka ta taso daga wajen teburin ma'aikata. Doguwar mace, farin mayafi, idonta ya faɗa saboda rashin barci.

"Halliru, kar ka taɓa layin nan. Lokaci ya ƙure."

"Yaya, Baba ne ya ce."

Ta tsaya.

"Baba?"

"Shi zai shiga gaba da kansa. Maza su bi shi, sannan ku."

Ta juya ta hango mahaifinta ta cikin ƙofa. Ya ɗaga mata hannu, ya gyaɗa kai a hankali.

Idonta ya kawo ruwa, ta yi saurin mayarwa.

"In Baba ne, shi ke nan. Iya Tani, mu ba su wuri."

Jami'in zaɓen, wani malamin makaranta da aka turo daga Karaye, ya miƙe tsaye.

"Hajiya, ina gaya miki a gaban kowa. Sha biyu daidai zan busa usur a ja ƙyaure. Wanda ke ciki yana ciki, wanda ke waje yana waje. Ba ni na kafa dokar ba."

"Na ji, Malam. Yanzu za mu dawo."

Ita ta shige gaba. Mata suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta zo wucewa ta gaban maza sai ta sunkuyar da kai ta ja mayafi. Fitar ta ɗauki lokaci, don ƙofar ƙarama ce kuma da masu goyo. Suka taru a gindin darbejiya.

A cikin fili aka bar Halliru da gora, da Fulani bakwai.

Malam Ƙasimu ya miƙe. Ya kaɗe rigarsa. Ya taka a hankali har bakin ƙofa, maza suka jeru a bayansa.

Ya sa ƙafa ɗaya a kan dokin ƙofar.

Ya tsaya.

Sulle tela ya ce, "Bismillah, Malam."

"To."

Bai motsa ba.

Halliru daga ciki ya ce, "Baba, shigo mana! Ga wurinka nan!"

"Ina zuwa."

Ya ciro carbi ya fara ja.

Jami'in ya dubi agogonsa. Ya sake duba.

Tani ce ta fara ganewa. Ta taso da sauri, mata suka biyo ta. Amma dattijo ne tsaye a ƙofa, uban 'yar takara, mutumin da kowacce a cikinsu ke durƙusa masa. Wacece za ta goge shi ta wuce? Tani ta durƙusa.

"Malam, a ɗan ba mu hanya."

"Ku dakata. Maza su fara shiga."

"To su shiga mana!"

Mazan suka kalli juna. Ba wanda zai riga shi.

Baraka ta ratso mata ta iso. Ita ma ta durƙusa, har gwiwarta na taɓa ƙasa.

"Baba. Don Allah."

Bai dube ta ba. Idonsa na kan hoton da ke saman gora.

"Baba, ko ka shiga, ko ka matsa."

Leɓensa na motsi, carbi na tafiya.

Halliru ya yar da gorar ya taho a guje. Bai kai ba.

Usur ya tashi.

Malam Ƙasimu ya janye ƙafarsa baya. Ɗan sanda ya ja ƙyaure.

Jariri ɗaya ne ya fara kuka, uwarsa ta jijjiga shi ya yi shiru.

Daga ciki ana jin muryar jami'in yana ƙirga. Ya daɗe a layin Alhaji Muntaka. Ɗari biyu da sha ɗaya. Da ya dawo ɗaya layin, numfashi biyu ya ishe shi.

"Hajiya Baraka Ƙasimu, takwas."

Hammawa ne ya ɗauke hoton daga ƙasa, ya goge shi da hannun rigarsa. Da aka buɗe ƙofa ya miƙa wa Tani, ya yi gaba da mutanensa.

Ko Ɗanmaliki bai yi ihun murna ba sai da ya yi nisa.

*

Bayan azahar Malam Ƙasimu yana zaune a kan buzunsa a zaure. Baraka ta yi sallama ta shigo, Halliru na bayanta yana huci. Ta cire takalmi ta durƙusa a inda ta saba tun tana yarinya, gefen randa.

"Baba, barka da gida."

"Barka kadai, Uwata."

Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa bai taɓa kiranta da wani suna ba.

"An dawo lafiya?"

"Alhamdu lillahi."

"Ya gajiya?"

"Ba gajiya."

Ta gyara zama.

"Baba, tambaya ɗaya zan yi. In ka ga ban isa ba, ka ce in tashi, zan tashi."

"Ina jin ki."

"Lokacin da ka ce wa Halliru ya fito da mata, ka san ba za ka shiga ba?"

Carbin ya tsaya.

Halliru ya yi saurin cewa, "Yaya, ƙila jiri ne ya ɗebe shi. Ai bai karya ba ya fita. Ko Baba? Jiri ne ko?"

Malam bai dube shi ba.

"Na sani."

Daga cikin gida, bayan ƙyauren zaure, wani kwano ya faɗi ya yi ta juyi a ƙasa har ya kwanta.

Halliru ya miƙe tsaye.

"Ka sani?"

"Zauna."

"Da bakina ka yi aikin, Baba? Ni ka aika? Ni na je na ce wa Iya Tani ta fita, tana ce mini sun isa ina yi mata gardama?"

"Na ce ka zauna."

"Duk garin nan cewa ake ba ni da amfani. Abu ɗaya na taɓa riƙewa hannu biyu, shi ne ka..."

"Halliru." Baraka ce, ba ta ɗaga murya ba. "A gaban Baba kake."

Ya zube a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa.

Malam ya yi gyaran murya.

"Ku ba ku san siyasa ba. Ni na san ta. Abin da Ɗanmaliki ya faɗa yau wasan yara ne. Ranar kasuwar Karaye na ji waƙar da aka shirya miki, Uwata. Da sunanki a ciki, sunan uwar da ta haife ni. Bakina ba zai iya maimaita ta ba. In kin ci a nan za a rera ta a Karaye. In kin wuce, a rera ta a Kano, a sa a kaset, yara su haddace."

"Baba, kai an yi maka waƙa?"

"An yi."

"An ɗaure ka?"

"Kin sani."

"An zane ka a tsakiyar kasuwa, Inna tana da cikina. Ka fasa?"

"Ni namiji ne."

Ya faɗe ta kai tsaye, kamar mai faɗin sunan ranar da ake ciki.

"Bulala a bayan namiji warkewa take. Magana a kan mace ba ta goguwa."

Baraka ta girgiza kai.

"Ba shi ba ne, Baba."

"Ƙarya zan yi miki?"

"Ban ce ba. Amma waƙa ba yau aka fara ta ba. Ranar da na zo nan, a wannan wurin, na ce zan fito takara, ka san za a zage ni. Ka ɗora hannunka a kaina ka sa mini albarka. Ka ce jinin sawaba ba ya ƙarya. Me ya sa ba ka hana ni a ranar ba? Da ka ce a'a, wallahi da ban fito ba."

A waje wata akuya ta yi kuka.

"Na ɗauka ba za ki tara mutum hamsin ba."

Ta rufe ido.

"Na ce bari ta gwada ta huce, ta koma asibitinta. Ba wanda zai ce Ƙasimu ya hana 'yarsa. Yau da na iso na ga layin..." Ya ɗago ya dube ta. "Shekara arba'in ina tara jama'a, Uwata. Da ido nake ƙirga taro. Kallo ɗaya na yi na san kin ci."

Halliru ya ɗago.

"Amma ka ce mini bai wuce rijiya ba."

"Kai ka faɗa. Ni tambayarka na yi."

"Baba," in ji Baraka, "kai ne fa ka bi zaure zaure don matan nan su fita zaɓe."

"Ni ne. Kuma gobe ma zan bi. Ƙuri'a na yi yaƙin nema muku. Ban taɓa nema muku kujera ba."

"To wa za mu riƙa zaɓa?"

"Mutumin kirki."

"Namiji."

Bai musa ba.

"Duk rayuwata ina cewa ɗan talaka da ɗan sarauta ɗaya suke, kuma har in mutu ban canza ba. Amma yau da na ɗaga kai na ga hoton 'yata a sama, ana cewa in shiga bayansa, ni da sa'o'ina, a gaban gari... zuciyata ta ƙi. Na lallashe ta ta ƙi. Ba zan ɓoye miki ba."

"Ai da sai ka zauna a gida, Baba. Ƙin shigarka ƙuri'a ɗaya ce."

"Da na zauna a gida da kin ci."

Wannan ce ta karya ta. Hawaye suka zubo, ba ta share ba.

"Ranar da ka goya ni a keke, ka tuna? Muna wucewa ta majalisar bakin kasuwa ana cewa Ƙasimu zai kai 'yarsa ta zama kafira. Na fara kuka. Ka ce mini, ɗaga kanki, Uwata, kar ki sake ki sunkuyar wa kowa. Me ka kai ni in koyo?"

"Ki amfani mutane."

"Daga ƙasa."

Ya sunkuyar da kai.

Ta goge fuskarta da gefen mayafi.

"Nawa na yafe, Baba. Kai ka haife ni, ba ni da wani uban. Amma matan nan fa? Maijidda matar mahauci da saki a kanta ta fito, ya ce in ta taka ƙofar gida kar ta dawo. Zaituna jiya-jiya ta yi arba'in. Akwai wadda ta tako daga ƙauye tun duhun asuba da tsohon ciki. Sun tsaya a sanyi, ana yi musu dariya, sun jure. Da aka ce ka ce su fita, ba wadda ta tambayi dalili sai Iya Tani. Girmanka suka gani. Da girman da suke ba ka ka rufe musu ƙofa."

Muryarta ta yi ƙasa.

"Nasu ba a hannuna yake ba."

Sai a lokacin Halliru ya lura. Unguwar ta yi tsit. Ba hayaniyar yara, ba sautin daka, ba mai tallan da ke wucewa kullum a wannan lokacin.

Ya tashi ya ɗaga asabarin ƙofa.

"Yaya."

"Mene ne?"

"Zo ki gani."

Layi ne.

Ya fara daga bakin zauren Malam Ƙasimu, ya bi jikin katanga, ya wuce masallacin unguwa, ya karya kwana ya miƙe har inda ido ke hango darbejiyar makaranta. Mata, a matse, kowacce a bayan 'yar uwarta. Ba mai magana. Maza sun fito ƙofar gidajensu sun tsaya cirko-cirko. Sulle tela yana rakuɓe a bakin shagonsa, ya cire hula ya riƙe a hannu.

Tani ce ta biyu a layin.

Ta farko tana riƙe da gorar hoton da hannu biyu. 'Yar ƙaramar tsohuwa, ta yafa tsohon zanen saƙi, ƙafarta ba takalmi. Ta ƙofar baya ta fito, ta wajen turken awaki.

Baraka ta dafe bango.

"Inna?"

Inna Saude ba ta dube ta ba. Cikin zauren take kallo.

"Malam."

A tsawon zamansu ba wanda ya taɓa jin muryarta a ƙofar gida.

Malam Ƙasimu ya taso da ƙyar ya tsaya a bakin ƙofa. Ya dubi layin, ya dubi matarsa.

"Saude, koma ciki."

"Fito ka ƙirga mu."

"Na ce ki koma ciki. Mutane na kallo."

"Ɗazu ma ai suna kallo." Ta gyara riƙon gorar. "Da aka kai ka kurkuku ni na riƙe gidan nan da daka da surfe. Ban ce maka ni mace ce ba. Da ka ce za ka kai ta boko dangina suka ƙaurace mini, ban ce maka komai ba, don na ɗauka ka san inda za ka kai ta. Yau ina bayan ƙyaure na ji da kunnena."

"Saude..."

"Shekara arba'in da ɗaya ban kama sunan yarinyar nan ba. Kunya ta hana ni zuwa da safe. To na ga inda kunya ta kai mu." Ta ɗaga gorar sama iya ƙarfinta. "Ni ina layin Baraka. Ka ce da ido kake ƙirga taro. Yau da baki nake so. Fito ka ƙirga mu."

Wata a cikin layin ta fashe da kuka. Baraka ta toshe bakinta da mayafi ta sulale ta zauna a dokin ƙofa.

Malam Ƙasimu ya tsaya cak a bakin ƙofa.

Halliru ya raɓa ta gefensa ya wuce. Bai nemi izini ba, bai durƙusa ba. Ya fara daga kan Tani, da ƙarfi, yadda duk unguwar za ta ji.

"Ɗaya. Biyu. Uku."

Ya bi jikin katanga. Ya wuce masallaci. Ya karya kwana, muryarsa na nisa tana dishewa, amma ba ta tsaya ba. Ba wadda ta motsa daga inda take har ya kai ƙarshe ya dawo, zufa ta jiƙa masa riga.

Ya tsaya a gaban mahaifinsa.

"Ɗari biyu da tamanin da huɗu, Baba. Ban sa Inna ba. Ban sa Yaya ba."

Alhaji Muntaka da ɗari biyu da sha ɗaya ya ci.

Abin da aka rasa a Rogo Ruma ranar nan ga shi. Ƙuri'ar mata ɗari biyu da tamanin da huɗu. Ƙuri'ar maza kusan sittin da suka tsaya jiran mutum ɗaya. Ƙuri'ar 'yar takarar ita kanta, don a waje usur ya same ta, a durƙushe. Mazaɓa ɗaya, wadda daga ita ba sauran takara. Auren Maijidda.

Halliru ya juya zai karɓi gorar daga hannun Inna, don ya ga ta gaji.

A nan idonsa ya sauka a gefen ƙafarta.

Ƙullin kayanta ne a ajiye, ta ɗaure shi tam, da butarta a sama.